Wankan Jego a Ohio da Akwatin Intanet

Tun ranar da na sauka, ƙafa ba ta ɗauke daga gidanmu ba. Da masu zuwa sannu da hanya, da masu zuwa ganin ko na yi fari, da masu leƙen ko tsaraba ta yi saura. Kowa ya zauna sai ya ce, "Hajiya, ya Amurka?" Na ba da labarin har muryata ta dishe, kuma na lura duk wadda ta ji ta fita sai ta ƙara masa gishiri. Shekaranjiya a gidan biki na ji ana cewa wai ni na gyara wa Turawa intanet ɗinsu da ya lalace. To, kafin a ce ni na ƙera jirgin da ya kai ni, gara in zauna in rubuta yadda aka yi.

'Yata ta fari ce ke aure a can, a jihar Ohio. Mijinta ɗan garin Katagum ne, likita, yana ƙarin karatu a wani asibiti. Sun daɗe Allah bai ba su haihuwa ba, sai bana. Da aka ce in je wankan jego na ce ba inda za ni, domin Malam, maigidana, ciwon ɓarin jiki ya taɓa shi bara, ƙafar hagu tana ja, harshe kuma ya yi nauyi har ya rage magana. In ban da aikin Hajji, ban taɓa yin nisa da shi ba tun da aka kawo ni gidansa.

Shi ne ya ce, "Ki je. Haihuwar fari ce, ba ta da kowa a can." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma ina so in ga abin da aka samu da idona, yana motsi. Ban son hoton takarda."

Ƙanensa Alhaji Sule, wanda ke koyarwa a kwaleji, ya ce wannan mai sauƙi ne. Akwai kafe ɗin intanet kusa da kasuwa, mai babban faranti a kan rufi, ana iya ganin mutum a yi magana da shi ta kwamfuta. Ranar suna zai kai Malam can, mu kuma mu shirya namu ɓangaren. Na ce to, ban san me na amsa ba.

Na haɗa kaya irin na mai zuwa jego: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kanwa, yaji, garin kunu, turaren wuta, kilishi, da man shanu a robar fenti. Na kuma sayi wata ƙatuwar rigar sanyi a wajen 'yan gwanjo, ana tsakiyar zafin bazara, mai rigar yana kallona kamar na taɓu. Direban da ya ɗauke mu daga garinmu Azare zuwa Kano ya danne kayan a but, ya hau kai ya zauna kafin ya rufu. Muka wuce Jama'are lafiya. Kafin mu kai Wudil rana ta narkar da man, robar ta buɗe, rigar sanyina ta shanye rabinsa. Na goge iya gogewa. Haka na shiga jirgi ina ƙamshin tuwon sallah.

A Amsterdam muka sauka don canjin jirgi. Ina fitowa sai ga wata doguwar Baturiya riƙe da takarda mai sunana, tana tura keken marasa lafiya. Ashe yarinyar tawa ce ta sa a tarbe ni da shi don kada in ɓata. Na ce mata ƙafata lafiya lau, da ita na yi Safa da Marwa. Ta yi murmushi ta biyo ni da kekenta. Ba mu yi nisa ba muka iso wata hanya mai tafiya da kanta. Na ɗora ƙafar dama, ta tafi ta bar ta hagu a baya. Wani bawan Allah ne ya tare ni. Ban ƙara gardama ba, na hau keken, na ja mayafi na rufe fuska, kada a yi rashin sa'a wani ɗan Azare ya gan ni.

Ni malamar firamare ce har na yi ritaya, Turanci na koyar, kuma ina ji da shi. Sai da na tsaya gaban jami'in shige da fice na Amurka na gane akwai Turanci, akwai kuma abin da suke yi da hanci. Da ƙyar muka fahimci juna har ya zo kan tambayar wajen wa na zo. Na ce wajen 'yata.

Ya ce, "Yaya sunanta?"

Jama'a, 'yar fari! Sunan da ban taɓa faɗa ba tun ranar da aka raɗa shi. Na nuna masa takarda na ce ga shi nan a rubuce. Ya ce ya gani, daga bakina yake son ji. Na ce a garinmu ba a yin haka. Ya ajiye biro ya dube ni sosai, kallon matar da ta ƙetare teku wajen 'yar da ba ta san sunanta ba. Layi ya tsaya a bayana. Sai dabara ta zo mini: na faɗa masa harafi-harafi, yadda nake yi wa 'yan aji uku shifta. Ai wannan darasi ne, ba kiran suna ba. Ya bi da yatsa a kan takardar, ya girgiza kai, ya buga hatimi.

Wajen kwastan kuma wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya bar kowa ya zo ya zauna a gabana yana kallon rigar sanyina kamar ya ga uwarsa. Aka ce in buɗe jaka. Kilishi dai ko gardama ba a yi ba, ina kallo aka jefa shi a kwandon shara, aka bi shi da sauran man shanun. Jami'in ya sa safar hannu ya kwance ƙullin daddawa, ya ja da baya har ya bugi tebur. Da ya zo kan kanwa kuwa sai ya kira wani, wannan ma ya kira wani, suka kewaye ta suna juyawa. Ina ta bayani ba mai ganewa, sai na ji an ce a bayana, "Magajiya, an zo lafiya?"

Wani dattijo ne mai tura amalanken kaya, mutumin zangon Kumasi, ya daɗe a can. Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji, amma ban taɓa jin Hausa mai daɗinta ba. Ya ce musu gishirin girki ne, daddawa kuwa ɗanɗanon miya, kuka ganye ne. Suka sake ni. Ya raka ni har ƙofa yana cewa, "Kilishi kam ka yi haƙuri, Magajiya. Duk wanda ya zo nan, nan yake kuka."

A waje surukin nawa, Likita, yana jira. Yana hango ni ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar mutane, Turawa suna kewaye shi suna waiwaye, wata ma ta tambaye shi ko wani abu ya yar. Kansa a sunkuye ya gaya mini an riga an sauka tun jiya, ta hanyar tiyata, namiji, uwa da ɗa suna lafiya. Na yi hamdala, na kuma ƙirga a raina: suna ya matso ke nan.

Masaukin nasu gidan sama ne, ɗaki biyu da falo, kuma ba su daɗe da tarewa ba, kwalaye ko'ina. Ba tsakar gida, ba zaure, madafa ma a cikin falo take. Wanda ya zana gidan nan bai san surukuta ba. A garinmu suruki yakan gaishe ka daga bakin ƙofa ya yi gaba. Nan kuwa in na fito zan yi alwala sai mu yi kiciɓis, ya manne da bango, ni ma in manne da ɗaya bangon. Na koma yin gyaran murya kafin in buɗe ƙofa. Abincinsa kuwa a mota yake ci, sai daga baya na sani.

Aka sallamo mai jego, na share falo na shimfiɗa darduma ina jiran 'yan barka. Shiru. Gini cike da mutane, ana jin takunsu a sama da ƙasa, amma ko mai leƙowa. Na ce bari in turara gidan ko ya yi kama da gidan haihuwa. Na ɗora turaren wuta a kan murhun lantarki, hayaƙi ya tashi gwanin daɗi. Sai wani farin abu a jikin silin ya fasa ihu, irin ihun da ban taɓa ji ba. Jariri ya ɗauka, mai jego tana ƙwala mini kira, ni kuma ina dukan abin da tsintsiya. Ana haka aka buga ƙofa. Wata tsohuwar Baturiya ce, siririya, da ɗan karenta sanye da rigar saƙa. Ta shigo ta buɗe tagogi, ta kaɗa tawul, abin ya yi shiru. Sannan ta shaƙi iska ta ce, "Kai, wannan ƙamshi fa?"

Sunanta Dorati, ƙofarta na jikin tamu. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna wasu jihohi, sai a waya. Ita kaɗai ce 'yar barkarmu. Washegari ta kawo taliya da cuku a kwano, na rama mata da kunun kanwa. Ta kurɓa, idonta ya kawo ruwa, ta ce yana da ban sha'awa. Na gane a can in an ce abu yana da ban sha'awa, to kada a ƙara. Ni ma haka na ce da kazarsu, mai girman talo-talo da ɗanɗanon soso. Wankan jego kuwa, Likita ya aiko matarsa ta gaya mini ɗinki ba ya son tafasasshen ruwa. Muka shirya a kan ruwa mai ɗumi da tawul. Ban faɗa wa kowa a gida ba sai yau.

Yanzu ga maganar intanet. Su a can ba sai an je kafe ba. Wayar da ke kawo hoton talabijin ta cikin bango ita ke kawo shi, sai a haɗa ta da wani ɗan akwati da ake kira modem, shi kuma a haɗa shi da kwamfuta. Da yake sabuwar tarewa ce, ba a haɗa musu ba tukuna. Likita ya ce ya gaya mini ma'aikacin kamfani zai zo. Na yarda ya faɗa. Amma daga bayan ƙofa ya faɗa, kai a ƙasa, murya ciki-ciki, ni kuma na amsa da "Allah ya yi albarka" kamar kullum.

Da hantsi aka ƙwanƙwasa. Na buɗe na ga ƙato, gemu har ƙirji, ɗan kunne a kunne, ƙugu cike da ƙarafa, ga waya naɗe a kafaɗa kamar mai shiga rijiya. Mai jego tana barci. Ya yi maganarsu ta hanci yana nuna cikin gida. Na ce masa da Turancina mai kyau, "Maigidan ba ya nan." Ya nuna mini wata takarda. Na ce ya dawo in maigidan ya dawo, na rufe ƙofa na murza makulli, ina jin daɗin na tsare mutuncin gida.

Da Likita ya dawo ya ji, ya buga wa kamfanin waya. Suka ce ba su da sarari sai bayan suna da kwanaki. Ya ajiye wayar ya ce, "Ba komai, Hajiya." Na san wannan ba komai ɗin. Ni kuwa Malam nake tunani. Alhaji Sule ya riga ya gaya mini a waya cewa tun da aka yi haihuwar Malam ya sa an wanke masa shuɗiyar babbar rigarsa an buga, kullum sai ya tambaya ko ranar ta zo. Mutumin da ya daina fita ko masallacin Juma'a saboda kunyar jan ƙafa, shi ne ya yarda a kai shi bakin kasuwa.

Ana jibi suna Likita ya je ofishin kamfanin ya karɓo akwatin, suka ce ya haɗa da kansa. Sai jajibirin suna ya samu sukuni. Abin baƙi ne, bai kai ƙaramar rediyo ba, da 'yan fitilu jere a gaba, da wayoyi uku: ta lantarki, ta bango, da ta kwamfuta. Ramin wayar bangon yana bayan teburin talabijin, can ƙasa. Ba yadda za a kai gare shi sai an kwanta. Ya dube ni, na dubi taga. Ya ce, "Hajiya, a gafarce ni," ya kwanta rub da ciki a gaban surukarsa, ya cusa kai bayan tebur, ƙafafu a waje, safa ɗaya da huji. Aka ba ni aikin kallon fitilu. Mai jego tana kan kujera ta dafe ɗinkinta tana roƙon mu daina ba ta dariya.

Daga bayan tebur ya ce, "Hajiya, ta kama?"

"Ta farko ta kama. Ta biyu tana ƙifta ido."

"Yanzu fa?"

"Tana nan tana ƙiftawa."

Ya kwance, ya ɗaura, ya hura ramin, ya sake ɗaurawa. Rabon da mu yi doguwar magana haka da shi tun ranar da ya zo gaisuwar neman aure. Takardar bayanin ta ce sai fitilun duk sun tsaya cak. Ta biyu ta ƙi. Ana cikin haka 'yar na'urar da ke ƙugunsa ta yi ƙara, asibiti na nemansa. Ya fito da yanar gizo-gizo a gashi, ya ce zai dawo da wuri, amma ni da matarsa mun san ba a hannunsa take ba.

Na zauna ni da akwati muna kallon juna. Sai ga Dorati ta zo karɓar kwanonta. Na nuna mata. Ta ce ita ba ta san komai a kai ba, jikanta ne ya haɗa mata nata. Har ta juya sai ta tsaya ta ce, mutumin da ya tashi daga gidan nan, ta bangon ɗakin kwana take jin talabijin ɗinsa, ba ta falo ba. Muka shiga ɗakin mai jego muka ja gadon jariri, muka kawar da kwalaye. Ga wani ramin a bango.

Muka kinkimo kwamfuta da teburinta, tsofaffi biyu, muna nishi, kare yana shiga tsakanin ƙafafunmu. Bakin wayar bangon yana da wani siririn tsinke a tsakiya kamar allura, sai an saita shi a ramin sannan a murɗa. Dorati idonta garau amma yatsunta sun ƙage da sanyin ƙashi. Ni yatsuna lafiya, ido ne sai a hankali. Ita ke cewa sama, ƙasa, dama kaɗan, ni ina murɗawa. Mu biyu muka tashi mutum ɗaya. Muka sa wuta. Ta farko ta kama, ta biyu ta yi 'yan ƙifce-ƙifcenta ta tsaya, ta uku ma haka. Ta ƙarshe ce ta ƙi.

Mai jego ta duba takardar ta ce saura a buga wa kamfani su buɗe layin. Ta buga, wata murya ta ce a danna kaza, a danna kaza, sannan aka sa mana kiɗa. Muka sha kiɗa har jariri ya farka neman nono. Daidai lokacin mutum ya ɗauka, sai ta miƙo mini wayar. Wani saurayi ne mai ladabi, ya ce daga Indiya yake magana. Nan na ji Turanci irin namu, na makaranta, kowace kalma da ƙafafunta. Ya ce in juya akwatin in karanta masa lambar da ke ƙasa, haruffa ne gauraye da lambobi. Dorati ta riƙe, na sa tabarau.

Na ce, "B."

Ya ce, "D?"

"A'a, B."

Ya ce in riƙa haɗa kowane harafi da wata kalma don ya bambance. Na ce to. "B ta Bulkachuwa."

Ya ce, "Ta me, ranki ya daɗe?"

"Bulkachuwa. Gari ne kusa da mu."

Na ci gaba: A ta Azare, C ta Chinade, D ta Dambam. Da ya zo maimaita mini don a tabbatar, sai na ji yaron nan daga Indiya yana cewa, a hankali, "B ta Bul-ka-chu-wa." Na ce Allah ya yi maka albarka, ko 'yan Kano ba su faɗa daidai haka. Ya ce in zare wayar lantarkin, in ɗan jira, in mayar. Na ce wannan ai mun iya, haka muke yi wa komai a gida. Fitilu suka taso ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshe ta yi kamar ba za ta yi ba, sannan ta tsaya kore shar.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Kare ya shige ƙarƙashin gado, jariri ya saki nono, Dorati ta dafe ƙirji, sannan ta ce in koya mata. Mai jego ta taɓa kwamfutar, sai ga labaran duniya da Hausa suna fitowa a ɗakin, tas, babu shuu ɗin rediyo.

Da safe ranar suna na ji Likita yana salati a ɗakin. Akwati ya mutu, ba fitila ko ɗaya. Na leƙa na ce, "Ni na zare kafin in kwanta, kada a kawo wuta da ƙarfi ta ƙone shi." Ya ce, "Hajiya, nan ba a ɗaukewa." Na ce Allah ya sa. Ya mayar, fitilu suka dawo.

Hantsinmu shi ne la'asar ɗin gida. Tun da safe an raɗa suna a Katagum, a gidan mahaifin Likita, an yanka rago, sannan suka ɗauko hanya zuwa Azare. Sunan Malam aka sa wa yaron, wato an ƙara mini mutum na uku da ba zan iya kiran sunansa ba. Muka yi kwalliya muka jeru a bakin gado, har da Dorati da na ɗaura wa ɗankwali. Likita ya daidaita wata 'yar kyamara mai kamar ƙwallon ido a kan kwamfutar.

Abin da ya fara fitowa hanci ne, ya cika allon. Na mai kafe ne. Ya ja da baya, sai ga ɗakin maƙil: 'yan Katagum, 'yan unguwarmu, ɗaliban da suka zo nasu aikin suka bari, har da mai rake a bakin ƙofa. Aka zaunar da Alhaji, mahaifin Likita. Sai dai magana in ta tashi daga nan sai ta yi zango a hanya kafin ta isa, mu kuwa Hausawa ba ma jira a gaisuwa.

Na ce, "Alhaji, ina kwana?"

Ya ce, "Ina wuni, Hajiya?"

"Lafiya lau. Ya jikin Malam?"

"Ya mai jego?"

"Da sauƙi. Ya taro?"

Sai amsarsa ta iso, ta tambayar ragon da Likita ya jefa a tsakani: "Ai tun da safe muka yanka shi, ya yi kitse sosai."

Na ce innalillahi, don na ɗauka amsar jikin Malam ce. Kafin a warware wannan, allo ya yi baƙi. An ɗauke wuta a Azare. Likita ya dube ni, na dube shi, wannan karon ba wanda ya sunkuyar da kai. Muka zauna jiran janareta. Jaririn da ya yi ta barci tun safe ya tashi ya fara tsala kuka. Ni dai addu'a nake kada Malam ya gaji ya ce a mai da shi gida, don na san halinsa, in ya ce a tafi an tafi.

Hoton ya dawo, dishi-dishi, sannan ya washe. Ga shuɗiyar riga. An zaunar da shi a gaba, sandarsa a jingine da gwiwa. Ya rame. Na karɓi yaron na rarrashe shi, na ɗaga shi saitin kyamarar. Ya yi hamma, ya miƙe ɗan hannunsa.

Malam bai motsa ba. Muka jira. Likita ya ce hoton ya sake tsayawa, ya kai hannu zai taɓa kwamfutar. Sai muryar Alhaji Sule ta iso: "Kada ku taɓa komai. Ba tsayawa ya yi ba, kallo yake."

Mai jego ta sa fuska a mayafi tana kuka. Can Malam ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya yi addu'a, doguwa, kalma ɗaya bayan ɗaya, fiye da duk maganar da na ji ya yi tun da ya kwanta ciwo. Amin ɗin mutanen kafe ta iso mana a makare kamar ruwa a kan kwano. Aka shafa. Na ɗauka an gama. Sai ya matso da fuskarsa, ya nuna jaririn da yatsa.

Ya ce, "Kai, takwara. Na ba ka suna. Matata kuwa aro na ba ka. Ka sako mini ita, gidan ba daɗi."

Mu muka fara ji kafin dariyarsu ta iso. Da ta iso kuwa har lasifika tana rawa. Na rasa inda zan sa kaina. Likita ya tashi sumui-sumui ya bar ɗakin. Dorati tana ta tambaya me ya ce, me ya ce, mai jego ta fassara mata tana dariya da hawaye. Tsohuwar ta kama hannuna ta matse.

Na zauna har aka yi arba'in. A tsakani na iya kunna kwamfutar da kaina, in saurari labarai, in duba fitilu in wani abu ya tsaya, in zare in mayar. Yarinyar ta roƙe ni in ƙara wata guda, biza da saura. Na ce a'a.

Ranar da na iso Azare, bayan an watse, na kai wa Malam abinci na zauna a gefen tabarma. Na ce, "Malam, ashe gidan ba daɗi?"

Ya ɗauki loma ya tauna a hankali.

Na ce, "A gaban surukai. A gaban mai rake."

Ya ce, "Ni cewa na yi a gaida mutanen gidan. Kin san na'urar nan, magana na cakuɗewa a hanya." Ya tura mini kwanon. "Ci mana. Kin rame."